Rubutun Bango a Darasin Harshe: Tambayoyin Iyaye da Malamai a Agege da Amsoshinsu

Ina koyar da Hausa da Turanci a wata makarantar sakandare ta al'umma a Agege da ke Legas, kuma shekara uku ke nan nake ware makonni huɗu a zango na biyu domin abin da ɗalibai suka laƙaba wa suna "darasin bango". Tun ranar da na fara, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu a taron iyaye da malamai ake yi mini su, wasu daga abokan aiki na Idi-Araba da Mile 12 masu son gwadawa a nasu azuzuwan, wasu kuma a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona a aji.

Mene ne girafiti, kuma me ya haɗa shi da koyon harshe?

Kalmar daga Italiyanci ta fito, inda asalinta yake nufin abin da aka karce a jikin bango ko dutse, amma ni a aji "rubutun bango" nake cewa, domin shi ya fi zama a bakin yara da iyayensu. Al'ada ce da ta daɗe ƙwarai. Lokacin da aka tono birnin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tarar da dubban rubuce-rubuce a bangayensa, daga gaisuwa da zagi da kalaman soyayya har zuwa lissafin bashi da tallan 'yan takara. Masana harshen Latin suna ji da waɗannan rubuce-rubuce, saboda a cikinsu ake jin muryar talaka har da kurakuransa na rubutu, abin da ba a samu a littattafan manyan marubuta.

Salon da matasa suka sani a yau, na manyan haruffa masu launi da ake fesawa da gwangwani, ya taso ne a ƙarshen shekarun 1960 a biranen Philadelphia da New York na Amurka, inda samari suka riƙa rubuta laƙabinsu a bango da jikin jiragen ƙasa. A 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani saurayi ɗan aike da ke rubuta TAKI 183 duk inda ya bi, wato laƙabinsa haɗe da lambar titinsu, kuma bayan fitowar labarin masu kwaikwayonsa suka yawaita.

Abin da ya ja ni gare shi a matsayina na malamin harshe shi ne ƙuncin wurin. Mai rubutu a bango ba shi da shafi biyu da zai yi ta kewaye-kewaye, kuma mai karanta masa yana cikin danfo ne, wato bas ɗin haya na Legas, ko keke, kallo ɗaya zai yi ya wuce. Dole ya zaɓi kalma, ya san da wa yake magana, ya yanke shawarar harshen da zai yi amfani da shi, sannan ya tabbata bai yi kuskure ba, domin kuskuren littafin aiki malam kaɗai yake gani, na bango kuwa unguwa ce take gani. Waɗannan su ne abubuwan da muke shan wahalar cusa wa ɗalibi a darasin insha'i, muna bayani yana hamma.

Ashe wannan ba al'adar Turawa ba ce ake son shigo mana da ita?

Wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, shi ya fara yi mini wannan tambaya. Ya ce, "Malam, mu da muka kawo yara su koyi Hausa don kada ta ɓace musu a Ikko, sai kuma a koya musu aikin 'yan iskan Amurka?" Na ce masa, "Baba, gwangwanin feshin nasu ne, amma sa bango ya yi magana ai gadonmu ne." Duk wanda ya taɓa zaga cikin birnin Zariya ko Kano ya ga yadda magina suke yi wa fuskar gida da ƙofar zaure ado da dagi da takobi da sauran zane-zane, kuma a tsakiyar ƙarni na 20 har keke da agogo da jirgin sama suka shiga cikin adon, domin maigida yana son mai wucewa ya karanta matsayinsa tun kafin ya yi sallama. Yaron da ya yi sauka ma allonsa ake yi wa zayyana, inda rubutu da ado suke haɗuwa wuri guda.

Ba ma sai an je Arewa ba. Mutum ya tsaya da sassafe a kasuwar Mile 12 ya duba manyan motocin da ke sauke tumatir da albasa, zai karanta karin magana da addu'a da habaici a goshinsu da bayansu. Wannan ta ce "Haƙuri maganin zaman duniya", waccan ta ce "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo", wata kuma ta yi wa mahassada gugar zana ta wuce abinta. Dattijon bai gamsu a ranar ba, sai dai ya zo ranar baje koli, kuma shi ne ya tsaya da sandarsa ya gyara mana wani karin magana da yara suka juya.

Ba ku ganin kuna koya wa yara ɓata bangon mutane?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma ba na raina ta. Yin rubutu a bangon wani ba da izininsa ba ɓarna ce, ko da rubutun ya yi kyau, kuma a Legas yana iya jawo wa yaro da iyayensa rigima da maigida ko 'yan sanda ko hukuma. Jihar tana da hukumar LASAA tun 2006, mai lura da allunan talla da alamomin da ake kafawa a waje, saboda haka duk makarantar da ke son yin zane a bangon da ke fuskantar titi gara ta fara tambaya kafin ta buɗe gwangwani. Manyan zane-zanen da ake gani a gari da izini aka yi su. A 2017, lokacin bikin cikar jihar shekara 50, mai zane Osa Seven ya yi nasa aikin a Victoria Island, Polly Alakija kuma ta ƙawata ginshiƙan ƙarƙashin gadar Falomo a Ikoyi, kuma irin waɗannan nake nuna wa ɗalibai domin su ga cewa sana'a ce da ake kiran mutum a ba shi bango a biya shi.

A shekarar farko na yi sakaci, kuma laifin nawa ne. Na bar ragowar fenti a bayan aji ban ƙirga ba, sai wani yaro ɗan aji huɗu ya yi awon gaba da shi, ya rubuta laƙabinsa da manyan haruffa a ƙyauren shagon wata dattijuwa Bayarbiya da ke layinsu. Washegari ta taso shi a gaba har makaranta, ranta a ɓace. Yaron ya zube ƙasa yadda Yarbawa suke yi, ya ba ta haƙuri da harshenta, ni da mahaifinsa muka haɗa kuɗin fenti, ya yini ranar Asabar yana mayar mata da ƙyaurenta yadda yake. Tun daga nan ake ƙirga kowane gwangwani da buroshi kafin a tashi, kuma aikin farko na darasin ya koma rubuta wasiƙar neman izini zuwa ga shugaban makaranta, da Hausa da Turanci, mai adireshi da kwanan wata da take da sa hannu. Idan wasiƙar ba ta yi ba, shugaban yana maido ta, kuma na roƙe shi kada ya sassauta. Ba a taɓa fenti sai amsarsa ta zo a rubuce.

To yaya darasin yake gudana daga farko zuwa ƙarshe?

Yawancin lokacin karatu ne da gardama da gogewa da sake rubutu, fenti kuwa a kwanaki biyun ƙarshe kaɗai yake shigowa, abin da kan ba ɗalibai haushi da farko. A makon farko kowa yakan kwafo rubutu goma daga hanyarsa ta zuwa makaranta, ko ta Pen Cinema yake biyowa ko ta Isale Oja ko Oko-Oba, kuma sharaɗin shi ne a kwafo shi yadda yake, har da kuskurensa, a rubuta inda aka gan shi da abin da aka rubuta shi da shi. Nazarin rubutun tituna fage ne sananne a kimiyyar harshe, musamman tun daga maƙalar wasu masana biyu, Landry da Bourhis, ta 1997, amma yara ba sa buƙatar jin wannan kafin su fara.

Wani bango da wata ɗaliba ta kwafo daga wani lungu ya cinye mana darasi biyu cur. A sama an rubuta da fenti cikin ladabi, "Please do not urinate here". A ƙasa da shi, da wani hannu dabam, an ƙara "By order". Wani kuma ya sa nasa da Yarbanci, "Ma to sibi". Can ƙasa kusa da kwata, da gawayi, sai ga Hausa: "Duk wanda ya yi fitsari a nan Allah ya isa." Na tambayi aji wanne aka fara rubutawa, suka ce na Turanci, domin mutum da roƙo yake farawa, sai ya ga ba a ji ba sannan ya kai ƙara sama. Daga nan muka jera hanyoyin hani a Hausa a kan allo: "Kada ka yi", da "An hana", da "Ba a yi", da "Don Allah a daina". Ita wannan ɗalibar ce ta lura da cewa, "Malam, 'ba a yi' ba ta nuna kowa da yatsa, shi ya sa ba ta da zafi." Wannan shi ne bayanin wakilin suna na "a" da na shekara ina yi da misalan littafi ba ya zama, ga shi ta fito da shi da bakinta. Muka kwatanta shi da yadda Turanci yake ɓoye mai aikatawa idan ya ce "is prohibited".

Rubutun da kusan kowa yake kawowa shi ne wanda ke jikin gidajen Legas, "This house is not for sale, beware of 419". Da shi muke koyon karanta abin da ba a faɗa ba. Lambar 419 sashe ce ta dokar manyan laifuka da ke magana a kan damfara, amma a bakin jama'a ta zama sunan ɗan damfarar kansa, kuma ɗalibai sukan gano da kansu cewa ba a rubuta irin wannan sai an taɓa yunƙurin sayar da gidan a bayan idon masu shi, ko kuma akwai rigimar gado a ciki.

A mako na biyu kowane rukuni yakan zaɓi abin da ke damun unguwa, ya rubuta sakin layi na kalma 100 a kai, sannan ya rage shi zuwa 30, sannan zuwa abin da bai wuce 10 ba. A nan ake gumi. Wani rukuni ya ɗauki matsalar ledar ruwa da ke toshe kwata har ruwa ya shiga ɗakuna, suka yi ta yanka har suka tsaya a kan "Ledar da ka yar, damina za ta dawo maka da ita." Da aka ƙirga, kalma 11 ce. Suka yi kusan minti 20 suna musu, wasu su ce a cire "damina", wasu su ce ita ce ran maganar, har wani yaro da ba ya cika magana a aji ya ce a mayar da "dawo maka da ita" ta koma "maido maka". Aka samu kalma 9, maganar kuma ta ƙara kaifi. Mako na uku na tacewa ne da tsara haruffa a takarda, inda kowane rukuni yake duba aikin wani da jan biro. A mako na huɗu ake hawa bango, sannan kowane rukuni ya tsaya gaban aikinsa ya yi wa iyaye da ƙananan azuzuwa bayani da baki.

Me wannan zai ƙara wa yaro a ƙa'idojin rubutun Hausa?

A nan na fi ganin amfaninsa. Yaranmu a waya suka fi rubuta Hausa, inda sallama ta koma "slm", ya kake ta koma "ykk", lafiya ta koma "lfy", kuma ba wanda yake wahalar neman ɓ da ɗ da ƙ, ko da yake haruffan nan masu lanƙwasa suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930. Idan na ja wa yaro layi a littafi na ce ya bar lanƙwasa, sai ya ce, "Malam, ai an gane." A bango wannan amsa ba ta ci.

Wani rukuni ya ɗauki nauyin rubutun da zai tarbi iyaye a ƙofar shiga, suka zana shi da alli da haruffa masu tsayin kamu guda: MARABA DA BAKI. Sun ɗauko buroshi ke nan sai wata yarinya daga wani rukunin ta tsaya, ta karanta da ƙarfi, ta ce, "Malam, bakin wa muke yi wa maraba?" Aji ya kwashe da dariya, aka sa wa harafin lanƙwasarsa. Sai wani ya ce to yanzu kuma mai karatu zai iya ɗauka baƙi ne na launi, tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Na bar su da matsalar ban sa baki ba. Bayan ɗan lokaci suka dawo da MARABA DA MANYAN BAƘI, suka kafa hujja da cewa "manyan" jam'i ne, jam'in baƙi na launi kuwa baƙaƙe ne, saboda haka ba sauran ruɗani. Ban taɓa samun darasin nahawu da ya zauna kamar wannan ba, kuma ba ni na koyar da shi ba.

Haka raba kalmomi. Rabin sanarwar Hausa da ke bangayen unguwa "ba'a" suke rubutawa a maimakon "ba a", alhali ba'a ita ce zolaya. Da "akan" ta sabo da "a kan" ta wuri, da "'yan uwa" da ake yar wa alamarta, duk sukan fito a makon farko daga abin da yara suka kwafo, kuma sun fi jin daɗin gyara kuskuren wani babba da ba su sani ba a kan gyara nasu.

Yaranmu sun riga sun gauraya Hausa da Yarbanci da Turancin buroka. Wannan ba zai ƙara dagula musu harshe ba?

Yaron da aka haifa a Agege da Hausa yake tashi a gida, da Yarbanci yake sayen burodi, da buroka yake wasan ƙwallo, da Turanci yake rubuta jarrabawa, wani ma ga Larabcin islamiyya da yamma. Tun 2018 kuma akwai dokar jiha, wadda Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu, da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun Legas. Ni a ganina gaurayawar ba jahilci ba ce. Inda matsala take shi ne yaro ya kasa ware harsunan idan an buƙaci ya ware, kuma darasin bango a kan wannan gaɓar yake aiki, domin ƙa'idarmu ita ce kowane rubutu ya tsaya cikin harshe ɗaya tsaf, sannan a yi masa abokin tafiya a wani harshen ba tare da bin kalma da kalma ba.

Misalin da nake farawa da shi shi ne abin da ke jikin danfo da yawa, "No condition is permanent". Fassarar farko da yara suke kawowa ita ce "Babu yanayi na dindindin", sai in tambaye su ko sun taɓa jin kakarsu ta faɗi haka. Sukan koma gida su tambayo, washegari a dawo da "Duniya juyi-juyi" ko "Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya". Haka muka yi da "Soro soke", kalmomin Yarbanci biyu da suka cika bangaye da kwalaye a zanga-zangar Oktoban 2020. Wasu suka ce "ɗaga murya", wasu suka ce "yi magana a ji ka", aka yi ta auna wanne ya fi ɗaukar nauyin asalin. Amfanin da ban zata ba shi ne tambayar da yara suke kai wa gida, domin iyaye mata da yawa sun gaya mini cewa sun daɗe ba a nemi karin magana a wurinsu ba.

Mene ne matsayin wannan aiki a addini?

Ni ba mai fatawa ba ne, shi ya sa kafin in fara na kai tsarin gaban limamin unguwa da malaman islamiyyar da yawancin ɗalibaina suke zuwa, kuma ina ba kowane malami shawarar ya yi haka. Abin da muka tsaya a kai shi ne ba a zana mutum ko dabba, haruffa ne kawai da ado irin na dagi da zayyana, wanda dama shi darasin harshe yake buƙata. Ba ma sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a bangon waje, saboda kwata da ruwan sama da masu fitsari, kuma saboda bangon za a shafe shi wata rana.

Nakan nuna musu aikin eL Seed, Bafaranshe ɗan asalin Tunisiya, wanda yake haɗa salon rubutun Larabci da na bango. A 2012 ya rubuta ayar Suratul Hujurat da ke maganar an sanya mutane al'ummomi da ƙabilu domin su san juna a jikin hasumiyar masallacin Jara da ke birnin Gabes na Tunisiya, a can sama inda ƙazanta ba ta kaiwa, kuma a 2016 ya shimfiɗa rubutu guda a kan gine-gine kusan 50 a unguwar Manshiyat Nasr ta Alƙahira. Ganin wannan ne ya sa wasu ɗalibai suka nemi yin nasu da ajami. Sai na ciro takardar naira 1,000 daga aljihu na ce su karanta abin da ke jikinta, kuma da yawansu a ranar suka fara sanin cewa "naira dubu" ce aka rubuta da Hausa, su da suka ɗauka Larabci ne.

Wannan zai taimaka a jarrabawar WAEC da NECO, ko ɓata lokaci ne?

Ba na yi wa kowa alkawarin maki. Abin da zan iya nunawa shi ne kowane mataki na aikin yana da takwaransa a takardar jarrabawa. Wasiƙar neman izini ita ce wasiƙar hukuma da ake tambaya a insha'i, rage kalma 100 zuwa 10 shi ne taƙaitawa, karanta abin da bango bai faɗa ba shi ne auna fahimta, neman karin maganar da ta dace kuwa ya shafi fassara da adabin baka. Duk da haka da 'yan aji huɗu da biyar nake yi. 'Yan aji shida a zango na biyu tsofaffin tambayoyi suke buƙata, ba buroshi ba.

Wane kayan aiki ake buƙata, kuma fentin ba ya cutarwa?

Makonni ukun farko ba sa cin komai sai littafi da alli da tsofaffin kwalaye, waɗanda masu shaguna suke ba mu kyauta. A makon ƙarshe fentin ruwa muke saye, irin wanda ake shafa wa ɗaki, fari da baƙi da launi biyu ko uku, da buroshi manya da ƙanana. Makarantar da ba ta da bango na kanta, kamar masu haya a bene, tana iya amfani da allon katako a jingina shi a tsakar gida.

Fentin feshi na gwangwani kuwa ba na ba ɗalibai shi ko kaɗan. Yana ɗauke da sinadarai masu tashi a iska irin su toluwin, dangin abin da ke cikin sholisho, yana sa jiri da ciwon kai, yana tayar wa mai asma da ciwonsa, kuma yana kama wuta. Ga tsada, ga sauƙin sakawa a aljihu a fita da shi. Ko da fentin ruwan ne, a fili ake aiki, a sa tsofaffin kaya, kuma ba a hawa tsani. Iyakar inda hannu ya kai, nan ne iyakar rubutu.

'Yan mata ma suna shiga?

Suna shiga, da hijabinsu, a cikin harabar makaranta. A makon kwafowa ba na tura kowa wata unguwa, abin da ke kan hanyar gida ya isa, kuma da rana. A aikin tacewa sau da yawa su ne suke riƙe jan biro.

Idan yaro ya kawo zagi, ko siyasa, ko alamar ƙungiyar asiri fa?

Zai kawo, domin suna nan a bango. Zagin da aka kwafo ba na karanta shi a gaban aji, amma nakan yi amfani da damar in bambance musu zambo da habaici da ashar, su ga cewa Bahaushe yana da hanyar soka magana ba tare da ya ɓata bakinsa ba. A abin da za mu rubuta kuwa ba sunan jam'iyya, ba sunan ɗan takara, ba sunan wani mutum, ba abin da zai taɓa wata ƙabila ko wani addini. Waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba na 2002 ko na Mile 12 na 2016 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan dalili.

Lambobi da alamomin da ƙungiyoyin asiri suke shata yankinsu da su sun fi ba ni tsoro, domin yaro yana iya kwafo su a matsayin ado bai san ma'anarsu ba. Saboda haka duk wata alama ko lamba da rukuni bai iya bayyana ma'anarta a gaban aji ba, ba ta hawa bango. Idan kuma na lura yaro ya san ma'anar fiye da yadda ya kamata, maganar takan bar aji ta koma tsakanina da mahaifinsa a keɓe.

Yaya ake ba da maki, tun da ba kowa ya iya zane ba?

Kashi 70 cikin 100 na makin na harshe ne, wato wasiƙa da sakin layi da taƙaitawa da fassara da ƙa'idojin rubutu. Bayani da baki yana da kashi 20, kyan haruffa kuma 10 kacal. Na yi haka da gangan, domin a kowane aji akwai gwanin zane ɗaya ko biyu da za su mamaye aikin idan aka sake musu, sauran su koma masu riƙe bokiti. Kowane ɗalibi yana miƙa nasa daftarin da hannunsa, har da waɗanda aka soke, kuma daftarin da ya sha gogewa ya fi samun maki a wurina a kan wanda ya zo fes tun farko.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma me ake yi da bangon daga baya?

Zango na biyu, tsakanin Janairu da Maris, kafin ruwa ya sauka sosai. Bangon Legas idan damina ta kama ba ya bushewa, fenti yakan kumbura ya ɓare, gansakuka kuma ta hau shi kafin shekara ta zagayo. Muna ɗaukar hoton kowane aiki a ajiye a ofis, sannan a watan Janairu sabon aji ya zo ya karanta na magabatansa, ya fitar da abin da ya gani na kuskure da na burgewa, kafin a shafe da farin fenti a ba su wurin. Rubutu ɗaya ne ya tsallake shafewa har sau biyu, wato na ledar ruwa, saboda maigadin makaranta ya zo ya same ni ya ce, "Malam, don Allah a bar mini wannan, tun da aka sa shi na rage sharar bakin ƙofa." Bara sai da muka sake bin haruffansa da baƙin fenti, domin ruwa ya cinye rabin kalmar "damina".